Farin Sawu a Kan Fiyano

Ƙararrawar gobara ta gidan dattawan Alder Bay ta fara kuka da ƙarfe goma da minti goma sha tara na safiyar Alhamis. Kukan banza ta yi, domin a lokacin Hilma Pascoe ta riga ta cika a kan doguwar kujerar da ke ƙuryar zauren ƙasa, da ragowar garin fulawa a hannunta. Shekarunta tamanin da huɗu. Tun da sassafe take murza ƙullu tare da sauran tsofaffin matan da ke gasa fasti duk Alhamis don taimakon coci, wato burodin nan mai nama da dankali a ciki da kakanninsu ke shiga ramin ma'adinai da shi. Ta ce musu bari ta ɗan miƙe bayanta. Hayaƙi ya same ta tana barci. Ɗanta Duane, shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin, shi ya fito da ita a kafaɗa.

Kafin Verna Kallio ta iso daga hedikwatar gunduma an kashe wutar, kuma gari ya gama shari'a. Mutanen Alder Bay ba su kai dubu ba, amma wajen yanke hukunci ba sa jiran alƙali. Suna tsaye cirko-cirko a kan dusar ƙanƙara, kowa da kofin kofi a hannu, kowa suna ɗaya yake ambata: Teng Moua, mai haɗa ƙararrawar gobara.

"Na'ura goma sha tara ya liƙa a gidan nan, ko ɗaya ba ta yi tari ba," in ji wani.

"Ai ɗakin girki ma bai sa na'urar jin hayaƙi ba. Da idona na gani."

"Shekara shida a garin nan, har yau ban san inda yake ibada ba," in ji wata tsohuwa, sai ka ce wannan ma yana cikin ƙa'idojin gobara.

Verna ta ratsa su ta wuce. A takarda mai binciken gobara ce, amma a garin nan mai bin sawu aka san ta. Duk wanda ya harbi barewa ta gudu da rauni ta ɓace masa a daji, ita yake kira. Mahaifinta ne ya koya mata, shi da amininsa Duane Pascoe, tun tana ɗaukar bindiga tana ja mata ƙasa. Mahaifin ya rasu, amma har yau duk Nuwamba tana bayan Duane a dajin farauta.

Ta sami Duane zaune a bayan motar kashe gobara, fuskarsa baƙi ƙirin.

"Kawu Duane."

"Verna, ki yi aikinki," ya ce, bai ɗago ba. "Mutumin nan ya kashe mini uwa. Na yi magana da lauyan gwamnati, Litinin yake son rahotonki. Kina sa hannu za su ɗauke shi."

"Bari in ga wurin tukuna."

"Ki gani. Na'ura ta goma sha huɗu tana ƙasa, ni na kaɗo ta da ƙugiya ina duba ko wuta ta shiga silin. Kwali ce kawai, ba na'ura ba."

*

Gidan tsohuwar makaranta ce, zauren ƙasan dogo ne siriri, silin ɗinsa can sama. Daga matakala kana shiga ka tarar da na'urar jin hayaƙi ta goma sha uku. Ƙafa talatin gaba, ta goma sha huɗu, daidai ƙofar ɗakin girki, bisa wani tsohon fiyano, ƙaton abin kiɗa na katako, da aka bari tun zamanin 'yan makaranta. Ɗakin wanki na kallon ɗakin girkin. Sai ƙurya, inda kujerar Hilma take.

Hayaƙi ma sawu gare shi, ga wanda ya iya karatunsa. Verna ta haska fitila ta bi baƙin da ya bari. A bayan injin busar da kaya wutar ta kama, ta daɗe tana cin burbushin tufafi a hankali ba tare da harshe ba. Hayaƙin ya fito ta ƙofar ɗakin wanki, ya hau silin, ya taru daidai inda ta goma sha huɗu take, sannan iskar da ke busowa daga matakala ta tura shi ƙurya. Aƙalla minti ashirin ya yi yana wucewa ta hancin na'urar nan. Akwatin ƙararrawa kuwa ya nuna ba ta ce uffan ba, sai da wata mata ta buɗe ƙofar ɗakin girki ta ja hannun ƙararrawa na bango.

Verna ta durƙusa cikin caɓalin ruwa da toka inda gutsattsarin na'urar suka zube. Ta tona da yatsa kamar mai tsince shinkafa. Can ta ɗago wani zagayayyen lastik siriri, irin robar nan mai miƙewa, da 'yar narkakkiyar leda mai ruwan hoda manne a jikinsa.

Ta juya shi a tafin hannunta. Hular wanka ce, irin wadda mata ke sawa don kada gashi ya jiƙe. Na'urar ba lalacewa ta yi ba, wani ne ya toshe mata hanci.

*

Washegari ta je gidan Teng Moua. Ɗan ƙabilar Hmong ne, baƙin da suka yo ƙaura daga nesa, gajere mai gilashi, irin mutanen da ke jera sukurdireba bisa tsawonsu. An rubuta wa motarsa MAKASHI da jan fenti, matarsa na ta gogewa da tsumma cikin sanyi, ba ta ko juyo ba. A gareji ya karɓi Verna.

"Sun ce ba ka sa ta hayaƙi a ɗakin girki ba," ta ce.

"Ta zafi na sa. Kowa ya san haka ake yi. Ki sa ta hayaƙi a saman murhu ki gani, ko ƙwai kika soya sai gari ya taru."

"Ta goma sha huɗun fa?"

Ya cire gilashin ya murza ido. "Ran biyu ga Oktoba na gwada ta, ta amsa. Madam Kallio, na'urar nan ba rashin ji ne matsalarta ba, jin ne ya yi mata yawa. Duk Alhamis tsofaffin nan suna buɗe ƙofa da tiren fasti, tururi da ƙauri su buge ta, ta kama ihu. Sau tara a wata uku. Sau tara magidanta suna barin aiki su taho da mota, su tarar da tsofaffi suna ba su haƙuri da fasti. Biyu sun ajiye aikin sa-kan saboda haka."

"To me ya hana ka matsar da ita?"

"Na nema! A gaban kwamitin gidan na nema." Ya ɗauki alli ya durƙusa yana zana zauren a simintin gareji. "Kundin ƙa'idoji ya ce a shimfiɗaɗɗen silin, kusan ƙafa talatin tsakanin na'ura da na'ura. To. Amma a ƙasa ya ba da wata hanyar: in dai babu wani wuri a silin da ya fi ƙafa ashirin da ɗaya nisa da na'ura, an cika ƙa'ida. Zauren nan siriri ne, faɗinsa ƙafa goma sha biyu. In na matsar da ita ƙafa takwas zuwa ƙurya, tsakaninsu ya zama talatin da takwas, amma ki auna kowane lungu, yana cikin ashirin da ɗaya. Ta bar ƙofar girki, ta matsa kusa da kujerar da suke barci. Aikin awa guda ne."

"Wa ya ƙi?"

"Wanda sai da sa hannunsa ake taɓa komai. Cif Duane Pascoe ya buga tebur ya ce talatin talatin ce, shekara arba'in yana kashe wuta, ba wanda zai zo jiya ya koya masa karatu. Na buɗe masa shafin. Nan na yi kuskure, a gaban mutane na buɗe."

Verna ta san wannan buga teburin, ta sha ganinsa. Ta fito da lastik ɗin a cikin 'yar leda ta nuna masa. Teng ya kalla, ya sake kalla, sai ya zauna daɓas a kan simintin.

"Hula? Hula aka sa mata?" in ji shi. "Ni in zan kashe na'ura, daga akwati zan kashe ta da maɓalli biyu. Me zai kai ni hawa sama da hular wanka?"

"Haka za ka faɗa ko kai ne."

"Haka ne. 'Ya'yana mata biyu ba su je makaranta yau ba. In kika sa hannu, ko alƙali ya sake ni, na gama aiki a jihar nan."

*

Bernice Lund ce shugabar masu fasti, ita ce kuma ta ja ƙararrawar. An sauke ta a gidan 'yarta. Sai da Verna ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta sha kofi, ta ci biskit biyu, kafin aka yarda ta yi tambaya.

"Tun Nuwamba abin nan ya daina damunmu," in ji Bernice. "Mun zaci ɗan gilashin nan ne ya gyara. Har fasti huɗu muka aika masa, ya karɓa ya yi godiya bai ce komai ba. Kin ga munafunci?"

"Ya san dalilin kyautar?"

"Oho. Wa zai tsaya bayani a kan fasti?"

"Ba wadda ta taɓa ɗaga kai ta dubi na'urar?"

"'Yar nan, wuyan wa? Ni rabona da in ga silin tun mijina na da rai."

Verna ta nuna mata ledar. Bernice ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah. Irin tamu ce. Mai gyaran gashi ce ta raba mana bara, kowace ɗaya, duk masu ruwan hoda. Amma wace ce a cikinmu za ta hau can? Mu da matakala uku ke sa mu haki." Ta matso, ta rage murya. "Ki tambayi Arvo mai shara. Shi ke da tsani, shi ke da makulli, kuma duk ranar da abin nan ya yi kuka sai ya zagi har kakanninmu. Ranar Alhamis ɗin ma ina yake? Ba wanda ya ga ƙeyarsa."

*

Arvo Niemi ya ce yana asibiti ranar. Verna ta dubi bayan motarsa, ga bokiti, ga abin huda ƙanƙara, ga ɓawon kifi a daskare.

"Asibitin a tsakiyar tafki yake?"

"To, na je kamun kifi! Kashe ni za a yi? Alhamis matan nan ke cika gida, ko tsintsiya ba wurin sawa. Ki rufa mini asiri, kwamiti suka ji sun kore ni."

"Ina tsaninka?"

Ya kai ta rumfar da ke bayan gidan dattawan. Dusar ƙanƙara ta binne ƙofar har rabi, kuma Verna ta karanta ta hawa-hawa: zubar farkon Disamba a ƙasa ta zama dutse, ta Kirsimeti a kai, ta makon jiya a sama. Ba wanda ya buɗe ƙofar nan tun farkon hunturu. Ta leƙa ta taga, ga tsanin kwance da ƙura. Ta dubi Arvo, ɗan guntun mutum mai ɗingishi da ƙugu ɗaya na ƙarfe. Ko a kan tebur ya tsaya ba zai taɓa silin mai ƙafa goma sha biyu ba.

"Kin gamsu?" ya ce da fushi. "Kullum ni. Bututu ya toshe, Arvo. Kyanwa ta ɓata, Arvo. Ko ƙyallen fiyano ya karkace sai Bernice ta ce ni ne, alhali duk Juma'a ni nake tarar da shi a karkace."

Verna ta tsaya cak. "Duk Juma'a?"

"Tun Nuwamba. Tukunyar fure ma sai in ga ta koma hagu. Na ce ko aljanu ke kiɗa."

*

Ta koma zauren da rana tsaka, ita kaɗai. Fiyanon ya sha hayaƙi har ya zama kamar gawayi. A samansa akwai ƙyallen da wata tsohuwa ta saƙa, da tukunyar furen roba da ta narke ta lanƙwashe. Verna ta ɗauke tukunyar. Ta kama bakin ƙyallen da yatsu biyu ta ɗaga a hankali.

Ƙarƙashinsa katakon na nan da ƙyallinsa, hayaƙi bai kai gare shi ba. A tsakiya ga sawun takalmi fari fat.

Duk wanda ya yi hunturu a ƙasar nan ya san farin nan. Gishirin da ake watsa wa titi ne don ƙanƙara ta narke, ka tako shi a jiƙe, in ya bushe ya bar shatin ƙafarka. Ba sawu ɗaya ba ne, sawu ne bisa sawu, na makonni da yawa, na ƙarshen ya fito sarai. Mutumin yana ɗage ƙyallen, ya taka benci, ya hau, ya sa hular, ya sauko ya mayar da ƙyallen. Ƙaton takalmi ne, ƙafar hagu, dunduniyar ta karkata waje. Mazan garin nan suna ɗaura 'yan gajerun ƙusoshi a tafin takalmi don santsi, kowa da yadda yake jera nasa. Wannan biyar ya jera a dunduniya kamar kofaton doki, ta gefen waje ta fita, ta bar rami.

Verna ta zauna a kan ƙonannen bencin. Ba sai ta auna ba. Tana wurin ƙusar nan ta fita, a kan dutsen rafi, a rana ta biyu ta farautar Nuwamba. Kwana huɗu ta yi tana tafiya a bayan sawun nan cikin dusar ƙanƙara, kamar yadda take yi tun tana 'yar shekara tara. A kansa ta fara koyon karatun ƙasa.

Ta yi kuka, kuka sosai, ita da rabonta da hawaye tun jana'izar mahaifinta. Zuciyarta ta kawo mata shawara, ba sau ɗaya ba: tsumma ɗaya mai laima ya isa ya shafe sawun. Sai ta tuna matar Teng tana goge jan fenti cikin sanyi. Ta tashi ta ɗauki hoto, ta ɗauko sukurdireba ta kwance murfin fiyanon, ta naɗe shi a bargo.

*

Ranar Lahadi bayan an fito ibada ta tara su a ƙaramin ɗakin coci: Bernice, Arvo, Teng, Duane, da 'yan kwamitin gidan dattawa uku. Kamar yadda aka saba, kowa ya bar takalminsa a kan tabarmar roba a bakin ƙofa ya shigo da safa. Teng ya zauna can gefe, ba wanda ya matsa kusa da shi. Duane ya rame cikin kwana uku, rigar cocin ta yi masa yawa.

"Me wannan yake yi a nan?" ya ce yana nuna Teng da haɓa. "Talata za mu binne ta, shi ne za ki zaunar da ni ɗaki ɗaya da shi?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ba zan daɗe ba."

Ta ajiye lastik ɗin a tebur ta faɗi abin da yake. Ɗakin ya ɗauki "Wayyo" da "Ya Ubangiji". Ido ya koma kan Arvo, Arvo ya miƙe zai fara rantsuwa, ta ce ya zauna, tsaninsa na binne tun Disamba. Ido ya koma kan Teng.

"Shi ma ku dubi tsawonsa," in ji Verna. "Ko ya hau fiyanon, da ƙyar yatsansa ya kai."

"Wane fiyano kuma?" in ji Bernice.

Verna ta warware bargon. Farin sawun ya fito a kan baƙin katako. Ta yi musu bayanin gishirin, da ƙyallen, da Juma'o'in Arvo. Sannan ta nufi bakin ƙofa. Takalman mutum takwas ne a jere suna ɗigar ruwa. Ba ta ko duba sauran ba, ta ɗauko ƙaton na hagu, ta kawo ta kifa shi kusa da murfin. Ƙusa huɗu da rami ɗaya.

Bernice ta dubi takalmin, ta dubi ƙafafun mazan ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya sauka kan safa mai ruwan toka da Hilma ta saƙa wa ɗanta da hannunta. Ta toshe baki.

"Duane? A'a. A'a, 'yar nan, kin yi kuskure. Shi fa ya fito da ita."

"Shi ya fara shiga," in ji Verna. "Shi ya kaɗo na'urar da ƙugiya. Wuta ba ta shiga silin ba, Kawu, kai ma ka sani. Kai ka koya mini in dubi abin da mutum ya fara taɓawa."

Duane bai yi musu ba. Ya zura wa takalmin ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Mutanena suna ta ajiye aiki," ya ce a hankali. "Saura mu tara. Na ce in aka ci gaba da kiran banza, ranar wutar gaske ba mai zuwa. Ƙarfe bakwai nake kawo wa Mama jarida, in sa hular. Ƙarfe uku in dawo in cire. Alhamis kaɗai. Awa takwas a mako."

"Ƙafa takwas na roƙe ka," in ji Teng. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Ƙafa takwas, Cif."

"Na sani. Da na koma gida ranar na karanta shafin. Sau uku na karanta." in ji Duane. "Kai ke da gaskiya. Tun Oktoba na san kai ke da gaskiya."

"Shi ne ba ka kira ni ba?"

"Da wane baki? Na buga tebur a gaban mutanen nan."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya sunkuyar da kai, domin yana cikin waɗanda suka yi wa Teng dariya ranar.

"Kuma ka bari a rubuta wa motarsa makashi," in ji Verna. Wannan ne ya fi ci mata rai, ta kasa ɓoyewa. "Ka tura ni in sa hannu a ɗaure shi. Ni, Kawu."

"Na zaci in na yi ta faɗa zai zama gaskiya." Ya ɗago ya dube ta karo na farko tun ranar Alhamis. "Na san za ki gani. Da na ga motarki na san an gama. Ban san me ya sa na ci gaba ba."

Teng ya miƙe ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi. Bernice ta taso da sandarta ta nufo shi. Teng ya juya ga Verna.

"Gobe 'ya'yana za su iya zuwa makaranta?"

"Su je. Sunanka ba ya cikin rahoton, sai a inda na rubuta cewa ka karanta ƙa'idar daidai."

Ya gyaɗa kai ya fita. Verna ta ɗauki biro, saura tambaya ɗaya da takarda ke buƙata, ta yi ta ba don tana so ba.

"Hular fa? A ina ka samo ta?"

Duane ya miƙa hannu ya taɓa ledar da lastik ɗin ke ciki, da ɗan yatsa ɗaya.

"Ta Mama ce," ya ce. "Na gaya mata abin da nake so in yi. Ta shiga banɗaki ta ɗauko mini da kanta. Ta ce, ungo ɗana, kai dai kada ka manta ka riƙa cirewa."